Sau-ɗaya da Farantin Kamfani

Mahaifina magini ne. Shekara talatin da shida yana ɗora bulo a kan bulo, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa rushe bangon da ya gina don a sake shi ba. Shi ya sa a wajen aiki babu mai kiran sa da sunansa na gaskiya. Sau-ɗaya ake ce masa. Leburori su ce Baba Sau-ɗaya, tsararsa su ce Sau-ɗaya kawai, har wasiƙa an taɓa kawo mana da sunan a bayan ambulan, kuma ba ta ɓata hanya ba. Inna ce kaɗai ba ta faɗar sa. Ita Malam take cewa, in kuma ranta a ɓace yake ta ce "mai gidan nan", ko da yana zaune kusa da ita.

Ni ce ta uku a gidanmu. Tun rasuwar Kaka akwatin ƙarfen da takardun gida suke ciki ya dawo hannuna: hotuna, takardun haihuwa, katin asibitin kowa. Da na gama sakandare na ƙara littafi guda a ciki, na riƙa zama da Baba ina rubuta gine-ginen da ya yi kamar yadda yake tuna su. Ba ya riƙe shekara, amma yana riƙe faɗin ƙofa. Sai ya ce, "Gidan nan mai ƙofar kicin inci talatin, lokacin da yayarki take rarrafe." Wannan shafin shi ne ya fi ba ni wahala a littafin, kuma da izininsa nake rubutawa. Sharaɗinsa ɗaya, kada in gyara shi ya fi yadda yake.

Baba gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya sauri a tafiya, ba ya sauri a magana. Tafin hannunsa siminti ya gama da shi. Muna yara, in ya shafa kanki sai ɗankwalinki ya bi hannun. Yatsunsa tara sun bushe sun yi kanta kamar ɓawon itace. Na goman shi ne ƙaramin yatsan hagu, wanda bulo ya faɗo wa tun yana koyon aiki, ya warke a sandare. Ba ya lanƙwasuwa, don haka bai taɓa riƙe cokalin gini ba, bai taɓa shiga kwaɓin siminti ba. Kullum yana tsaye a gefe yana kallon 'yan'uwansa suna wahala, fatarsa sumul kamar ta jariri. A gida ɗan hutu muke ce masa.

Kayan aikin Baba ba su da yawa, amma kowanne da matsayinsa. Cokali da guduma da igiya a buhu suke kwana. Lebur kuwa, wato ma'aunin nan mai ɗigon ruwa a tsakiya da ake duba miƙewar bango da shi, gadon maigidan da ya koya masa aiki ne, naɗe yake a tawul, kuma ba ya ba kowa aro. Ƙa'idarsa ke nan, abu mai daraja naɗe shi ake yi. Zanen gini a takarda yake karɓa, ya ninke, ya sa a leda, ya cusa a aljihun gaba. Rubutu a hankali yake karantawa yana motsa leɓe, amma lamba da layi ko injiniya bai fi shi gani ba. In ya gama bango, kafin a yi filasta, sai ya ɗauki alli ya rubuta ranar da awon, ya zana lamba ɗaya a cikin da'ira. Filasta ta rufe, babu mai sake gani. Na taɓa tambayarsa amfanin rubutun da ba a gani. Ya ce ai bangon ya sani.

Abokinsa na kusa kafinta ne, shekara talatin suna bin juna daga gini zuwa gini. Ban taɓa jin ɗayansu ya yabi ɗaya ba. Kafinta yana cewa bangon Baba ne yake sa rufinsa yoyo, Baba yana cewa rufin Kafinta ne yake kunyata masa bango. Ranar da aka yi wa Kafinta aikin ido, Baba ne ya yini a bakin ƙofar ɗakin.

Shekara biyar da suka wuce wani kamfanin gine-gine ya ɗauki Baba foman, wato shugaban magina a wajen aiki. A bana kamfanin ya karɓi ginin wani ƙaramin asibiti a bayan gari, ɗakuna takwas da korido a tsakiya. Ana gama zuba daɓen kankare aka tara shugabannin aiki a ofis, aka ce daga yau an daina buga sabon zane a takarda. Kowa aka ba shi kwamfutar hannu, faɗin littafi, baƙa wuluk, fuskarta gilashi. A cikinta zane zai riƙa zuwa, in an yi canji nan take za a gani, da ita kuma za a riƙa ɗaukar hoton aiki ana turawa. Wanda ya zo daga babban ofis ya yi bayani na awa biyu, takalminsa ko ƙura babu. Kafin a tashi, magina sun sa wa abin suna faranti.

Baba ya dawo da nasa a hammata. Ya nemi sabon tawul, ya naɗe shi, ya buɗe kabad ɗin da Inna take ajiye kwanukan baƙi, ya kwantar da shi a tsakiya.

"Malam, mene ne wannan?" in ji Inna.

"Kayan aiki ne."

"To me kayan aiki yake yi a kabad ɗina?"

"An ce kada ƙura ta taɓa shi, kada ruwa ya taɓa shi, kada ya faɗi. Ki faɗa min wuri guda a wajen gini da babu ukun nan."

Inna ta koma kan aikinta. Na ce, "Baba, kawo in kunna maka mu gani." Ya ce na kamfani ne, ba na wasa ba. Daga ranar duk ƙarshen mako sai ya fito da shi, ya goge gilashin da gefen rigarsa, ya duba fuskarsa a ciki, ya mayar. Aiki kuwa da tsohuwar takardarsa ya ci gaba da yi, wadda aka ba shi tun ana haƙa harsashi. Dole in rubuta nan cewa na san abin ba don ajiya aka yi shi ba, kuma na yi shiru. A gidanmu ba a saba gyara wa Baba zance a kan kayan aiki ba.

Injiniyan da yake kan aikin matashi ne, dogo, sa'an babban yayanmu. Yana girmama Baba ƙwarai, ba ya shiga gabansa a tafiya. Wuraren aiki uku ne a wuyansa, kuma a ɗaya daga ciki ana zuba rufin kankare na bene, sai ya yi fiye da mako biyu bai leƙo asibitin ba. Da, in an yi canji, shi yake kawo takarda da hannunsa. Yanzu kuwa sai ya tura, ya ga alamar an tura, ya kama wani aikin. Da ya ga hotuna ba sa zuwa ya ɗauka sabis ne babu a bayan gari. In ya kira waya ya ce, "Baba, ya aiki?" sai Baba ya ce yana tafiya. Gaskiya ce, yana tafiya.

Ranar wata Alhamis Baba ya dawo gida da tsakar rana. Wannan bai taɓa faruwa ba, ko ranar da aka haifi autarmu sai da ya ƙarasa layin da ya fara. Ya zauna a baranda da takalminsa. Inna ta kawo ruwa, ya sha, ya ci gaba da riƙe kofin. Ba a jima ba Kafinta ya shigo, ya ja kujera, ya dube ni.

"'Yata, ɗauko littafin nan naki. Yau akwai labari."

"Rufe bakinka," in ji Baba.

"In na rufe wa zai faɗa? Kai?"

Ga yadda Kafinta ya ba mu. Injiniya ya iso lokacin leburori sun tafi cin abinci, su uku ne kawai a cikin ginin. Ya shiga koridon yana yabon aiki, sai ya tsaya, ya zaro tef, ya auna tsakanin bango da bango.

"Baba, ƙafa biyar nake gani."

"Biyar ɗin ce. Sake aunawa in kana so, ba za ta ƙaru ba."

"Shida ya kamata. An canza, Baba. Yau kwana goma sha shida da na tura."

Baba ya zaro takardarsa daga leda, ya warware, ya ɗora yatsa a kan lambar.

"Baba, wannan takardar ai ta mutu."

"Ba a sanar da ni rasuwarta ba."

"A faranti na sanar. Ina farantin?"

"Yana gida. Lafiyarsa lau, ko ƙwarzane babu."

Kafinta ya ce Injiniya ya cire hular kwanonsa, ya leƙa cikinta, ya mayar kansa. Sannan ya ce bangon hagu na koridon, ƙafa arba'in, wanda aka kai har linta, wato saman ƙofa, sai an sauke shi an matsar da shi. Bangon raba ɗakuna ne, a kan daɓe yake zaune, ba ya ɗauke da komai, don haka ginin ba zai ji ba. Masu asibitin za su zo duba aiki Juma'a ta sama. Litinin za a fara.

"Ƙafa ɗaya ce fa," in ji Inna. "Ba za a yi haƙuri da ita ba?"

"Bangon ba shi da laifi," in ji Baba, ba ita yake kallo ba. "A tsaye yake, a miƙe yake, daidai da takarda."

"Marigayiya," in ji Kafinta.

Babu wanda ya yi dariya, har shi da ya faɗa. Duk mun san ba bulo ake magana ba. Ranar Litinin za a ɗora guduma a kan bangon Sau-ɗaya, kuma daga ranar sunan ba shi da wurin zama.

Washegari Juma'a Baba ya je aiki. Kafinta ya ce yini ya yi yana ba koridon baya, in zai je ɗakin ƙarshe sai ya zagaya ta waje ya shiga ta taga. Ranar Asabar da safe, bayan ya sha shayi, ya ce min, "Ɗauko farantin nan. Ina so in gani da idona."

Ba shi da caji ko ɗigo. Cajar tana cikin ledarta, ba a taɓa warware ta ba. Na jona, muka zauna muna kallon baƙin gilashi kamar masu jinya. Da ya farfaɗo sai ya shiga ƙara, ƙil, ƙil, ƙil, saƙo na bin saƙo. Inna ta leƙo daga kicin ta ce bawan Allah ya daɗe da magana a cikinsa.

Na ɗora shi a cinyar Baba, na nuna masa inda zai taɓa. Ya taɓa. Babu abin da ya motsa. Ya danna da ƙarfi. Shiru. Na sa yatsana, nan take ya buɗe. Na rufe na ce ya sake. Ya gwada manuni, ya gwada babban yatsa, ya bi na dama duka ɗaya bayan ɗaya. Gilashin bai san da zuwansa ba. Daga baya na ji cewa fata in ta bushe ta yi kauri sosai, abin ba ya jin ta.

Baba ya janye hannunsa ya ajiye a gwiwa.

"Ranar da aka raba shi ma haka ya yi min," ya ce. "A gaban yara. Kowa ya taɓa ya buɗe, ni na taɓa ya yi kamar babu kowa a wurin. Mutumin ofis ya ce, Baba, a hankali, ba bulo ba ne. Aka yi dariya." Ya shafa tafin hannunsa. "Sai na ce a raina, wanda bai san ni ba, ba zan tilasta masa ba."

Ashe ba ƙura ba ce, ba ruwa ba ne. Ban taɓa jin Baba ya ce an yi masa dariya ba.

Ya sa hannun hagu zai ture farantin gefe. Ɗan hutu, da yake kullum a miƙe yake, ya goga gilashin. Zanen asibitin ya buɗe.

Muka dubi gilashin, muka dubi yatsan. Baba ya sake gogawa, zanen ya matsa hagu. Ya goga, ya dawo dama. Inna ta fito da ludayi a hannu ta tsaya a kanmu.

"Shekara talatin da shida yana cin abinci kyauta," ta ce. "Yau dai ya sami aiki."

Ƙara girman zane da yatsu biyu ake yi, shi kuma ɗaya gare shi, sai na nuna masa alamar ƙari a gefe. Ya yi ta dannawa har lambar koridon ta cika gilashin. Shida. Saƙonni goma sha ɗaya ne suka taru, a cikinsu akwai na murya. Na kunna, muryar Injiniya ta fito.

"Baba, barka da aiki. Ma'aikatan jinya sun duba zane, sun ce gadon marasa lafiya mai taya ba zai iya juyawa daga korido ya shiga ɗaki ba. An ƙara ƙafa ɗaya. Don Allah kada a fara bangon hagu sai ka duba."

Sau uku Baba ya saurara. Sannan ya ce in nemo masa awon gadon. Yana jikin zanen, ƙafa bakwai tsawo, uku faɗi. Baba ya miƙe yana dube-dube a gidan, har idonsa ya sauka a kan ƙofar kicin.

"Malam, kada ka soma," in ji Inna.

Ya riga ya ɗauko sukudireba. Cikin minti biyar ƙofar tana kwance a tsakar gida. Ya auna ta, bakwai da uku cif. Ya ɗauki alli ya ja layi biyu a ƙasa, tsakaninsu ƙafa biyar, ya bar giɓin ƙafa huɗu a layi ɗaya a matsayin ƙofar ɗaki. Ni a gaba, shi a baya, muka ɗauki ƙofar kicin a kwance kamar gado. Inna aka ba alƙalanci, ta riƙa duba ko mun haura alli.

Muka taho a hankali, muka fara juyawa.

"Kun shiga bango," in ji Inna.

Muka koma baya, muka sake daga wani ɓangaren.

"Malam, ƙafarka tana cikin ɗakin wani."

A karo na uku Baba ya ɗan karkata ƙofar sama don ta wuce.

"Yanzu kuma kun zubar da mara lafiyan," in ji Inna.

Baba ya ajiye, ya goge layi ɗaya da tafin takalmi, ya ja sabo a ƙafa shida. Muka ɗauka, muka juya, muka shige, ba mu taɓa komai ba. Ya daɗe a tsaye a cikin ɗakin allin nan, hannu a ƙugu.

"Sun yi gaskiya," ya ce.

Ya mayar da ƙofar kicin, har ya gyara mata kukan da take yi shekara huɗu, wanda Inna ta gaji da magana a kai.

Da yamma Injiniya ya zo gida. Ya cire takalmi tun daga bakin baranda, ya durƙusa ya gaida Baba, ya ƙi hawa kujera sai da aka matsa masa. Ina kawo ruwa na ji yana cewa shi ma da laifinsa, ya dogara da alamar an tura, bai tako ya duba ba. Sannan ya rage murya.

"Baba, ga shawara. Gobe Lahadi, babu kowa a wurin. Zan kwaso leburori daga ɗaya aikin su sauke shi. A rahoto in rubuta saƙo bai iso ba, matsalar sabis ce. Litinin a ce kamfani ne ya canza ra'ayi bayan an gina. Kafinta ne kaɗai ya ji, shi kuma na san ba zai faɗa ba. Sunanka yana nan yadda yake."

Baba ya jawo farantin, ya ɗaga ɗan hutu, ya buɗe jerin saƙonnin, ya juya masa gilashin. Injiniya ya kalli gilashin, ya kalli yatsan.

"Ga su nan, sun iso," in ji Baba. "Goma sha ɗaya. Ni ne ban iso ba."

"Shekara talatin da shida fa, Baba."

"Na sani, ina wurin aka yi su. In aka sauke shi a ɓoye, duk ranar da aka ce Sau-ɗaya sai na waiwaya in ga da wa ake. Sha ruwanka."

Ranar Litinin Baba ya ce in shirya in bi shi da littafina. Ya ce tunda na rubuta waɗanda suka tsaya, in zo in ga wanda zai faɗi. Wannan ne karona na farko a wajen aikinsa. Ga tsibin yashi, ga bulo jere, ga rodi a ƙasa sai an ɗaga ƙafa, ga ƙamshin jiƙaƙƙen siminti wanda tun ina yarinya na ɗauka ƙamshin Baba ne. Bangon yana nan a miƙe kamar an ja shi da rula. A tsakiyarsa ga rubutun alli, rana, awo, da lamba ɗaya a cikin da'ira.

Baba ya tara magina da leburori, mutum goma sha huɗu. Bai yi dogon bayani ba.

"An aiko da canji a faranti, ban duba ba, don na ajiye shi a kabad. Na gina a kan tsohon zane. Gadon mara lafiya ba zai juya a nan ba, na gwada. Bangon zai sauka. Ba laifin wanda ya miƙo bulo ba ne."

Ya karɓi babbar guduma, ya hau katako, ya ɗaga, ya sauke a kan layin sama. Guduma ta yi tsalle ta dawo. Bangon ko gezau. Ya sake, ɗan ɓarɓashi ya zubo. A bugu na biyar ya tsaya yana haki, ya dubi bangon sama da ƙasa.

"Wane mara tausayi ne ya gina wannan?" ya ce.

Nan ne aka saki numfashi, wasu suka yi dariya suna rufe baki. Leburori suka ɗauki guduma da cizal suka hau. Yini guda cur aka yi ana fama, suna ta mitar cewa bangon wasu in ka harare shi ma zubewa yake. Kafinta yana zaune a kan bencinsa yana fiƙe fensir, bai taya ba, bai kuma tafi ba. Da aka kwashe ɓaraguzan ƙarshe a baro, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Sau-biyu, miƙo min tef ɗinka."

Wani lebura ya tsaya da shebur a sama. Na ji kamar in nutse cikin yashi.

"Na'am," in ji Baba. Ya zaro tef ɗin ya jefa masa. "Ka dawo da shi, na san halinka."

Talata da Laraba aka tayar da sabon. Kafin a ja igiya sai da Baba ya buɗe farantin a gaban kowa, ya duba ko an sake wani canjin a daren, sannan ya ce a kwaɓa. Da aka kai linta ya ɗora lebur, ɗigon ruwan ya zauna a tsakiya. Ya ɗauki alli ya rubuta rana da awo, ya zana da'ira, ya rubuta biyu a ciki. Ya ja baya, ya ɗaga farantin, ya danna da ɗan hutu. Hoton farko da ya isa ofis na hancinsa ne da rabin hularsa, domin kyamarar tana kallon sa. Na biyun ne na bangon. Injiniya ya ce duka biyun ya ajiye. Ranar Juma'a masu asibitin suka zo da gadon gaske, suka tura shi a koridon, ya juya ya shiga ɗaki. Ba su san an yi wani abu ba, sun dai ce aiki ya yi kyau.

Ba zan ce Baba ya ƙaunaci farantin ba. Yana cewa abu ne mara kunya, yau ya faɗi magana gobe ya canza, ko a jikinsa. Amma kullum da safe sai ya duba shi kafin a fasa buhun siminti. Yana ɗaukar hoton bututun ruwa da na waya kafin filasta ta rufe su, tare da rubutunsa na alli, kuma Injiniya ya ce sauran wuraren aiki ma haka za su riƙa yi. Saƙon murya yake turawa, ba ya rubutu, kuma kowane saƙo da cikakkiyar gaisuwa yake farawa, har ya tambayi mutanen gida, sannan ya zo kan linta. Farantin yanzu a leda yake, rataye a wuyansa, kusurwa ɗaya ta tsage, siminti ya bushe a bayansa. Inna ta sami kabad ɗinta. Lebur yana nan a tawul. Ɗan hutu kuma an daina tsokanarsa a gida, har safar hannu Baba ya yanka ya yi masa riga don kada siminti ya taɓa shi.

Sunan bai tsaya wuri ɗaya ba. Tsofaffin leburori har yanzu bakinsu yana kuɓucewa su ce Sau-ɗaya, sai ya gyara musu. A littafina na rubuta asibitin a layi biyu, kamar yadda ya umarta.

Watan jiya wani mutum ya buga ƙofa, ya ce zai yi gini ne, an yi masa kwatancen gidanmu. Ni na buɗe.

"Nan ne gidan Sau-ɗaya?"

Sai na waiwaya. Baba yana baranda, farantin a cinyarsa, ɗan hutu a sama.

"Ce masa wancan ya ajiye aiki," ya ce, bai ɗago ba. "Akwai Sau-biyu, in zai yi da shi."

Mutumin ya leƙo ta kafaɗata.

"To mene ne bambancinsu, Baba?"

"Wannan yana duba saƙo."

Mutumin ya cire takalminsa ya shigo. Na je na ɗauko masa kujera.